Na sa wa agogona sunan mahaifiyata, Baba ya ce in kankare kafin Lahadi

Assalamu alaikum 'yan guruf. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, duk da na san wasu suna fara karantawa za su ce ai wane ne. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda ya san zagi ne ya kawo shi ya riƙe abinsa, wanda na sha a kwana biyar ɗin nan ya ishe ni har ƙarshen shekara.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ɗambatta, shekarata talatin da ɗaya, ina da mata da yara biyu. Shagon gyaran waya gare ni a cikin Ɗambatta, kullum da safe in hau babur in bi ta cikin gonaki in fita titi, da yamma in dawo, don har yanzu a gidanmu nake, sashena yana jikin na Baba. Bayan gyara ina ɗan sayar da caja da irin agogon nan na zamani da ake haɗawa da waya, wanda samari suke kira simat woc. Mutanenmu suna son agogon, amma duk abin da ke ciki Turanci ne, dattijo zai saya yau, gobe ya dawo ya ce abin yana ta girgiza masa hannu bai san me yake so ba. Shi ne na ce me zai hana a yi mai Hausa. Wani abokina da yake zuwa ƙasar Sin saro kaya ya haɗa ni da masu ƙera agogon, kai za ka ba su kalmomin da za a zuba a ciki da sunan da za a buga a jiki. Wata takwas na yi ina mayar da kalmomin nan Hausa ɗaya bayan ɗaya, tsakanin kwastoma da kwastoma. Agogon yana nuna lokacin salla da alƙibla, yana ƙirga taku da bugun zuciya, idan an kira ka sunan mai kiran ya fito. Wallahi abu ne mai kyau, ko masu zagina ba su ce ba ya aiki ba.

Da aka zo maganar suna, abokin nawa ya kawo sunayen Turanci kala-kala, na ce a'a, sunan mahaifiyata zan sa. Ba zan rubuta shi a nan ba, wance zan riƙa cewa, ku dai sani suna ne irin na iyayenmu na da, wanda yanzu da wuya ka ji an raɗa wa jaririya. Dalilina kuwa, Inna ba ta taɓa ɗaura agogo ba, idan ka ce mata ƙarfe biyu da rabi ba ta san me kake nufi ba, amma duk gidan da ita muke sanin lokaci. Idan inuwar rumbu ta taɓa gindin turmi ta san lokacin kai abinci gona ya yi, idan ka ga ta ɗauki buta, kafin ta gama alwala za ka ji ladan. Ranar da gari ya yi lumshi ma haka take, ban san yadda take yi ba. Kuma matar nan da suyar ƙuli-ƙuli ta riƙe ni har na gama difloma, hannayenta har yau da tabon mai. Na ce tunda ban gina mata gida ba, ban kai ta Makka ba, bari in sa sunanta a jikin abu na farko da na haɗa da kaina.

Ga inda na yi wauta, kuma ba sai kun faɗa min ba. A gidanmu ba mai furta sunan nan. Baba idan zai kira ta sai dai ya ce “ke”, ko ya yi gyaran murya, matan gari suna ce mata Innar gidan Malam, jikoki uku aka mayar wa sunanta, ɗaya Ummi ake ce mata, ɗaya Mama, ɗaya Hajiyayye, duk don kada bakin wani ya kama sunan. Ni kaina tunda aka haife ni ban taɓa faɗarsa ba. Na san duk wannan. Amma da yake a waya na rubuta na tura wa mutanen Sin, ban faɗa da baki ba, sai na ga kamar rubutu daban, faɗa daban. Ko kaɗan ban tsaya na yi tunanin cewa duk wanda zai sayi abu sai ya buɗe baki ya tambaye shi da sunansa ba. Kuma ban shawarci kowa a gida ba, ko matata ban gaya wa ba, wai ni nan so nake in ba su mamaki. Kaya suka iso, sunan yana jikin kwali da manyan baƙaƙe, yana fitowa a sikirin idan an kunna, an kuma zana shi a ƙarfen baya yadda ba ya gogewa.

Ranar Lahadin da ta wuce, ranar kasuwar Ɗambatta, na kafa rumfa a gaban shago, na ɗauko lasifika, na samo wani mai baki irin masu tallan magani ya yi min shela, tunda ni ba zan iya faɗar sunan ba. Tun a nan ya kamata jikina ya ba ni, mutum ya kasa haja amma ba zai iya kiran sunanta ba, kwastoma ya tambaye ni sai in ce “agogon”, in nuna kwali da yatsa. Mai shelar kuwa tun hantsi ya buɗe murya, ga wance ta iso, ku zo ku ga wance, wance mai jin Hausa, har 'yan hatsi suna jiyowa. An taru ba laifi, an saya, ina ta washe baki. Wajen azahar sai ga Kawu, yayan Inna, wanda yake dillancin shanu a kara, ya ratso mutane da sandarsa. Bai amsa gaisuwata ba. Ya ɗauki kwali ɗaya ya juya, ba ya karanta boko amma ai ya riga ya ji da kunnensa, ya ajiye, ya dube ni ya ce, “Uban naka ya sani?” Na ce a'a Kawu, so nake in kai masa da yamma. Ya ce, “To,” ya juya ya tafi. Daga wannan “to” ɗin ban ƙara jin daɗin cinikin ranar ba, na ce wa mai shela ya rage murya, ya ce ai aikin da aka ɗauko shi ke nan.

Da na koma gida na kasa fito da agogon da na kawo musu daga aljihu. Washegari Litinin sai wata ta ɓullo daga birni. Akwai wani mai bidiyo a Kano da yake gwada wayoyi yana nuna wa mabiyansa, ni da hannuna na aika masa agogon kyauta don ya taimaka a san shi. Mutumin nan minti ɗaya ya yi a kan aikin agogon, ya ce batir yana riƙe caji, Hausar ciki ta fita, sauran bidiyon duk a kan sunan ya ƙare. Yana faɗa yana ƙyaƙyata dariya, yana maimaitawa da muryar tsofaffi, wai wa zai ɗaura wannan ya shiga ofis, wai wannan ai sunan mai daddawa ne. Sai 'yan kwamen suka yi min ca. Wani ya ce 'yan ƙauye sun shigo harkar fasaha sai a yi hattara, wata ta ce ko kyauta aka ba ta sai ta rufe sunan da filasta, wani ya haɗa hoton agogon da ƙwaryar fura. Mutanen da ko wayar caja ta tsinke ba za su iya haɗawa ba, waɗanda sunan Bature da ba su san ma'anarsa ba suke faɗa har da lanƙwasa harshe, su ne suke wa sunan uwata dariya. Rabinsu na tabbata idan aka bi kakanninsu irin sunan ne, daga ƙauye aka kawo iyayensu, sun kwana biyu a unguwar Bacirawa ta Kano sun zama 'yan birni.

Na daure ranar Litinin, ranar Talata na kasa. Wani ne ya rubuta cewa duk mai wannan sunan a yanzu sai dai a same ta a bakin murhu ba haƙori, sai na ji kaina ya yi zafi, na rubuta masa cewa sunan mahaifiyata ne, kuma ta fi uwarsa daraja, na ƙara da wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Kafin in huce in goge an riga an ɗauki hoton maganar an watsa. To a da tsofaffi kaɗai suka san sunan Inna a garinmu, samari da matan aure na yanzu sun ɗauka wani suna ne kawai na ga dama na sa. Da hannuna na sanar da su. Zuwa yamma duk mai waya a garin ya gani, ya nuna wa wanda ba shi da ita. Sai zagin ya rabu biyu, masu cewa sunan na ƙauye ne suna nan, ga kuma sababbi masu cewa ba ni da tarbiyya, na kai uwata kasuwa, wai wannan shi ne amfanin boko. 'Yan birni suna ganin sunan bai kai a sa wa agogo ba, mutanen gida suna ganin agogon bai kai a sa masa sunan ba, ni kuma ina tsakiya ana dukana ta ko'ina. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Ranar Laraba bayan azahar Baba ya aika a kira ni zaure, na tarar da Kawu zaune a gefensa. Baba ba mai ɗaga murya ba ne, da ma ya yi min tsawa da ya fi min sauƙi. Ya ce shekara arba'in da wani abu yana tare da matar nan bai taɓa kama sunanta ba, ko lokacin da masu rajista suka zo gida ƙanwarsa ya kira ta faɗa musu, shi ya fita waje. Ya ce yau ya kai kekensa faci a bakin titi, mai facin yana tambayar wani ko ya sayi wance, ɗayan yana cewa wance ta yi tsada, shi yana tsaye. Ya ce, “Ni ka sa na sunkuyar da kai a gaban mai faci.” Sannan ya yanke hukunci, kafin kasuwa ta sake ci ranar Lahadi in kankare sunan daga jikin kowane agogo, in cire shi daga sikirin, in ƙona kwalayen, idan kuma ba zan iya ba, in kwashi iyalina in nemi inda zan zauna, shi ba zai haɗa ƙofa da ni ba. Na yi ƙoƙarin bayani, na ce Baba girmamawa ce, a duniya haka ake yi, mutum ya sa wa kamfaninsa sunan uwarsa. Ya ce shi ba a duniya yake ba, a gidansa yake.

Da Kawu ya yi shiru da an tashi a haka. Sai ya sa baki, wai da sunan ubana na sa da sauƙi, shi namiji ne, amma ƙanwarsa da aka killace tun tana yarinya na ɗauka na miƙa wa 'yan kasuwa. Nan na kasa riƙe bakina, na ce masa shekarun da ƙanwar tasa take tsugune gaban kasko mai yana fallatsa mata don in yi karatu, ban ga ƙafarsa a gidan nan ba sai da salla, yanzu ne ya tuna yana da ƙanwa. Na san ban kyauta ba, kawuna ne, amma har yanzu da nake rubutun nan ban ji na yi ƙarya ba. Baba ya nuna min ƙofa da hannu, na tashi na fita.

Duk wannan bai dame ni kamar shirun Inna ba. Tun ranar Lahadi idan na shiga gaishe ta sai ta ce lafiya, ta ci gaba da abin da take yi. Furar da take ajiye min kullum ba ta fasa ba, amma sai dai ta ba matata ta kawo. Matata ce ta gaya min an yi suna a maƙwabta ranar Laraba, Inna ta shirya har ta yafa mayafi, ta kai bakin zaure ta dawo ta zauna, ita da ba a taro a unguwar nan ba da ita ba. Ashe ta ji labarin wata ta ce bari mai agogo ta zo ta gaya mana lokaci, matan suka kwashe da dariya. Wannan ya fi min zagin intanet gaba ɗaya ciwo.

Jiya Alhamis ban je shago da wuri ba. Na bari Baba ya tafi yankan dawa, da hantsi na shiga na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na ce Inna ki yafe min. Ta ce, “Ka kunyata ni. Abin da ubanka ya ce shi za ka yi, ba na son in ji wata magana.” Na ce to. Ina shirin tashi sai ta ce, “Agogon yana jikinka?” Na ciro shi daga aljihu na miƙa mata. Ta goge hannunta a zani, ta karɓa, ta juya shi gaba da baya, ta ce, “Ina wajen?” Na nuna mata ƙarfen baya. Inna ta yi karatun allo amma ba ta san baƙin boko ko ɗaya ba, ta sa babban yatsanta tana shafa rubutun a hankali, ta ce ashe ɗan wannan ne gaba ɗaya. Sai ta ce tun rasuwar mahaifiyarta, shekarar da aka yaye ni, ba wanda ya ƙara kiranta da sunan nan. Ta ce, “Shekaranjiya ina tankaɗe a nan, wasu samari suka wuce ta bayan katanga, ɗaya ya faɗa da ƙarfi. Sai da na ce na'am sannan na tuna.” Ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba, ni ne na kasa ɗago kai. Ta ƙulle agogon a bakin zaninta inda take ƙulle goro, ta ce, “Idan za ka kankare, ban da wannan. Kuma kada ubanka ya ji.” Ta ja faifanta ta ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Yau Juma'a. Na sayo sanfefa irin ta kafintoci, na tura ƙofar shago, na ɗauki agogo ɗaya na kife shi a kan tebur. Na goga harafin farko ya fara dushewa, sai na tsaya. Ina nan zaune abokina ya turo min sabon bidiyon mutumin nan na birni, ban san wa ya kai masa labari ba, wai ya ji za a canza suna, wai ƙorafinsu ya yi aiki, mabiyansa su kawo sunaye masu aji a zaɓa min. Wato idan na kankare, a wurinsu na yarda ke nan sunan uwata abin kunya ne, su suka gyara ni. Ba za su san don Baba na yi ba, kuma ba zan iya fitowa in bayyana ba sai na sake jefa Inna a bakin mutane. Idan kuma na ƙi, zan bar gidan da aka haife ni da fushin mahaifi a kaina, in bar Inna da kunyar da ta hana ta zuwa suna, kuma ita da bakinta ta ce in bi maganarsa. Amma ita ɗin ce dai ta ƙulle ɗaya a zani.

Matata ta ce in kankare in huta, mutanen intanet kwana uku ne za su samu wani su koma kansa. Abokina ya ce in bar sunan in kama haya a Ɗambatta, Baba zai huce da kansa, shi da yake ba ubansa ba ne. Ni kuma wani lokacin sai in ji kamar in je in durƙusa in gaya wa Baba abin da Inna ta faɗa min, amma ta ce kada ya ji, kuma ina tsoron fushin ya koma kanta. Don Allah masu hankali a cikinku, musamman iyaye mata da aka daɗe ba a kira su da sunansu ba, ku gaya min abin da ita take so, don ni na kasa ganewa. Jibi kasuwa za ta ci, agogon da na fara gogewa yana nan a gabana, rabin harafin farko ya tafi, sauran suna nan. In ƙarasa, ko in ajiye sanfefar?